Hannun yarinya ya saki na minti ashirin ya dawo: muhawara kan shanyewar ɓarin jiki ga yara masu amosanin jini

Baban Nana, Garin Malam:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan abin da ya faru a gidana yau da safe. Ɗiyata Nana shekararta shida, kuma tun tana wata goma aka tabbatar mana tana da amosanin jini, wato emasi, nau'in SS. Mun saba da ciwon ƙashi da kumburin hannu da zazzaɓi, amma abin yau daban ne. Tana zaune a kan tabarma tana shan koko, sai ludayin ya suɓuce daga hannunta na dama, ta yi ƙoƙarin ɗauka ta kasa. Uwarta ta kira ta, ta amsa, amma maganar ta fito da nauyi, gefen bakinta ya karkace, kokon yana dalala a haɓarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce wani wuri yana yi mata ciwo ba. Bayan kamar minti ashirin komai ya koma daidai, yanzu haka tana tsakar gida tana wasa da ƙanenta. Mahaifiyata ta ce iska ce ta shafe ta, a yi hayaƙi a karɓo rubutu. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Saura mako biyu ranar da aka ba mu ta komawa asibiti. In jira ranar, ko yaya kuka gani?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Baban Nana. Kada ka jira mako biyu, kada ma ka jira azahar. Ka ɗauke ta yanzu zuwa sashen gaggawa na yara, ka tafi da katinta, kuma ka faɗa wa wanda ya karɓe ku da bakinka cewa yarinyar SS ce, hannunta da bakinta sun saki, ga lokacin da abin ya fara, ga lokacin da ya wuce. Abin da ka bayyana ya yi kama da yankewar jini ta ɗan lokaci a wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma ga mai amosanin jini muna ɗaukar wannan da nauyin da muke ɗaukar cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki. Dawowar hannun ba ta nufin an tsira, domin sau da yawa wannan ita ce sallamar da babbar shanyewa take yi kafin ta shigo gida. Ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, addu'a kuwa ana iya yin ta a hanya. Idan akwai mai lafiya da zai iya ba da jini, ku tafi tare.

Baban Nana, Garin Malam:
Na gode, Likita. Maƙwabcina ya fito da mota, mun kama hanya. Ku sa mu a addu'a.

Ɗan Kasuwar Dole:
Allah ya ba ta lafiya. Likita, ka yi mini afuwa, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Iyakar sanina shanyewar ɓarin jiki ciwon dattawa ne, masu hawan jini da ciwon suga. Mahaifina ya haura saba'in lokacin da ta same shi. Ta yaya yarinya ƴar shekara shida, wadda jininta ma ƙaranci yake yi ba hawa ba, za ta kamu da irin wannan ciwo?

Likitan Yara:
Alhaji, tambayar nan da yawan iyaye suna yin ta, har da masu ilimi. Ƙwayar jinin mai lafiya laushi gare ta, tana lanƙwasa ta wuce ta kowace ƙaramar jijiya, kuma tana yin kwana kusan 120 kafin ta mutu. Ta mai SS kuwa, idan ta sauke iskar da ta ɗauko, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta riƙa manne wa bangon jijiya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take fashewa. Shekara da shekaru wannan gogayya tana ji wa bangon manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa rauni, bangon ya yi kauri, hanyar ta ƙuntata. A lokaci guda kuma ƙwaƙwalwar yaro ƙarami tana buƙatar jini fiye da ta babba, shi kuwa jinin ga shi tsinkakke, sai zuciya ta riƙa turo shi da yawa don ta cike giɓin. Yaron yana rayuwa a bakin iyaka ke nan. Ranar da zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko faɗuwar jini ta ƙara masa nauyi, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa rabonsa.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga a 1998, ya nuna cewa idan ba a ɗauki matakin kariya ba, kimanin 11 cikin 100 na masu SS suna samun shanyewa kafin su cika shekara 20, kuma haɗarin toshewar jijiya ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 9. Nana tana tsakiyar waɗannan shekarun. Masu nau'in SC ma yana samunsu, amma bai kai na SS ba.

Hajiyar Birni:
Ina so in sa baki, domin na ga kamar za a ɗora wa kakar yarinyar laifi, ni kuwa na san abin da ya sa ta faɗi haka. Idan yaro yana wasa lafiya lau, babu zazzaɓi babu faɗuwa, sai ka ga bakinsa ya karkace, tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan jijiyar ƙwaƙwalwa ba me za ta ce in ba iska ba? Ni ma haka na ce lokacin da ya sami ɗana, shekaru da dama da suka wuce. Da magariba ne, ya taso daga wajen wasa yana jan ƙafar hagu, hannunsa a rataye kamar ba nasa ba. Kwana huɗu muka yi muna hayaƙi da shafe-shafe kafin muka kai shi asibiti. Aka ƙara masa jini, aka yi masa gashi, ya fara takawa, muka yi sadaka muka ɗauka an gama. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce mini abin yana dawowa. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo, wannan karon ya tafi da maganarsa. Yau saurayi ne, yana gane kowa, yana dariya, amma ni nake ɗaura masa zariyar wando. Ban rubuta wannan don a tausaya mini ba, na rubuta ne don Baban Nana ya karanta idan ya samu sarari.

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, abin da kika faɗa ya fi duk bayanina amfani. Tun a 1978 likitoci suka rubuta cewa yaron da ya shanye sau ɗaya, idan aka bar shi babu magani na dindindin, kusan biyu cikin uku sukan sake shanyewa, yawanci a cikin shekara uku na farko. Ƙarin jinin da ake yi ranar da aka kawo yaro yana ceton ƙwaƙwalwa a wannan ranar ne kawai. Kariya daga na biyu aiki ne na shekaru.

Ma'aikaciyar Jinya, Mirya:
Ni abin da yake damuna ya shafe mu ma'aikata, ba iyaye kaɗai ba. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara cike yake, wani lokaci yara biyu ko uku a gado ɗaya, kuma duk yaron da aka shigo da shi yana jijjiga ko ya suma, abin da yake fara zuwa ran kowa shi ne palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya hau kansa. Galibi kuwa hakan ne. Amma yaro mai emasi yana iya zuwa da palu da shanyewa a tare, domin palun ne yake zubar da jinin da ya jawo shanyewar. Idan gwajin palu ya nuna akwai, sai a rataya ruwa a wuce gado na gaba, ba a ɗaga hannun yaron an gani ko zai faɗi ba. Abin da nake koya wa iyaye da ƙananan ma'aikata ba ya cin minti ɗaya. A ce wa yaron ya yi murmushi a duba ko gefe ɗaya ya zube, a ce ya ɗaga hannayensa biyu a ga ko ɗaya zai sauka, a ce ya faɗi sunansa da na babansa a saurari harshen. Ƙaramin da bai iya magana ba, a lura ko ya daina amfani da hannu ɗaya, ko yana jan ƙafa ba tare da kukan ciwo ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin yaron da ciwon ƙashi ya kama yana ƙin motsa hannun ne saboda zafi, yana ihu idan an taɓa, shi kuwa wanda ya shanye hannun ne ya mutu, ba ya jin zafin komai. Ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da ganin abu biyu-biyu, da barcin da ba a saba gani ba, duk na gaggawa ne.

Ina kuma roƙon iyaye mata, yaron da bakinsa ya karkace kada a ɗura masa komai, ko rubutu ko kunu ko magani, domin haɗiyarsa ba daidai take ba, abin yana iya wucewa huhu.

Mushen Lakwal, Zango:
Likita, ina da tambaya da ta daɗe a raina. Na taɓa koyar da wata yarinya mai wannan lalura, a aji biyu tana cikin biyar na farko, amma kafin ta kai aji huɗu sai ta koma ba ta riƙe abin da aka faɗa mata. In na ce a ɗauko allo a rubuta lissafi na uku a ja layi, sai ta ɗauko allon ta tsaya tana kallona. Ba ta taɓa shanyewa ba, tafiyarta da maganarta lafiya lau. Na ɗauka yawan fashin da take yi ne saboda jinya, mahaifinta kuwa ya ɗauka lalaci ne, har yana dukanta a kan sakamako. Shin akwai alaƙa da abin da ake tattaunawa?

Likitan Yara:
Malam, ba zan yanke hukunci a kan yarinyar da ban gani ba, amma abin da ka kwatanta sananne ne. Akwai ƙananan raunuka da ke samun ƙwaƙwalwar masu SS ba tare da hannu ko ƙafa ta saki ba, ana kiransu shanyewar ɓoye, kuma hoton maganaɗisu na ƙwaƙwalwa ne kaɗai yake nuna su. Kusan ɗaya cikin uku na yaran suna da su kafin su balaga, wato sun fi shanyewar fili yawa nesa ba kusa ba. Sukan faɗa wa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake kula da natsuwa da tsara aiki, shi ya sa yaron yake jin umarni uku ya riƙe ɗaya. Yaron da yake da su kuma haɗarin shanyewar fili ya fi yawa a kansa. Faɗuwar ƙoƙari a lakwal dalili ne na zuwa wajen likita. A aji kuwa, a zaunar da yaron gaba, a ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk lokacin da ya buƙata, musamman a zafin Afrilu da Mayu.

Ɗalibin Likitanci:
Da izinin malamaina, ina so in kawo abin da nake ganin shi ne jigon maganar, wato ana iya gane yaron da ke cikin haɗari tun kafin komai ya faru. Akwai awon da ake kira dofla, ɗan'uwan eko ne da ake yi wa masu juna biyu. Ana ɗora kan na'urar a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi yake da sirantaka, a auna saurin gudun jini a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Duk wanda ya taɓa ba shuka ruwa da tiyo a lambu ya san idan ka matse bakinsa da yatsa ruwan sai ya ƙara gudu, to haka jini yake yi a jijiyar da ta ƙuntata. Idan saurin bai kai santimita 170 a sakan ɗaya ba, lafiya. Daga 170 zuwa 199 sai a sa ido a maimaita da wuri. Daga 200 zuwa sama haɗarin shanyewa ya kai kusan 10 cikin 100 a kowace shekara. Ƙa'ida ita ce a yi wa kowane yaro mai SS awon sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Binciken da ya kafa wannan ƙa'ida shi ne wanda ake kira STOP, ƙarƙashin jagorancin Robert Adams, aka buga shi a 1998. An ɗauki yara 130 masu saurin jini, aka raba su gida biyu. Waɗanda ake ƙara wa jini a kai a kai, ɗaya ne kawai ya shanye, a ɗaya gidan kuwa 11 suka shanye. Haɗarin ya ragu da kashi 92 cikin 100, har aka dakatar da binciken kafin wa'adinsa.

Ɗan Kasuwar Dole:
Ɗalibi, Allah ya ƙara basira, amma wannan maganar Amurka ce. Ƙarin jini kowane wata, a garin da idan damina ta yi nisa sai an bi dangi gida-gida kafin a sami leda ɗaya? Mutumin Tanut ko na Gure zai riƙa zuwa Damagaram duk wata da yaro da mai ba da jini? Kuma har zuwa yaushe?

Ɗalibin Likitanci:
Gaskiyarka, Alhaji, kuma amsar "har yaushe" ba mai daɗi ba ce. Bincike na biyu da aka buga a 2005 ya gwada dakatar da ƙarin jinin bayan saurin ya koma daidai, sai aka ga ya sake hawa ga yara da dama, wasu suka shanye. Ga kuma sinadarin ƙarfe da yake taruwa a hanta da zuciya saboda yawan ƙarin jini, wanda sai an sha wani magani mai tsada don fitar da shi, ga jikin yaro yana iya fara ƙin jinin wasu mutane. Amma labarin bai tsaya a Amurka ba, ya zo har Kano, kimanin kilomita 240 daga nan Damagaram. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun fuskanci irin matsalarmu, sai suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadin jini. Binciken sunansa SPRING, an buga shi a 2022. Yara 220 masu saurin jini aka raba gida biyu, wasu suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, wasu miligiram 20. Uku suka shanye a gidan farko, biyar a na biyu, wato babu bambanci na a zo a gani tsakaninsu, kuma duka biyun sun yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga yaran da ba a ba su komai. Masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. A Kaduna har ma'aikatan jinya aka koya wa yin awon dofla.

Ɗan Kasuwar Dole:
To ai magana ta ƙare. Ni kusan kowane mako biyu nake shiga Kano. Duk wanda yake da yaro mai emasi a zauren nan ya rubuto mini nauyinsa, in sayo masa maganin, ba na neman ribar ko dala.

Likitan Yara:
Alhaji, niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba da lada, amma ina roƙonka kada a yi haka. Maganin nan yana aiki ne a cikin ɓargo. Yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri yake zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa, kuma wannan jinin ne dalilin da ya sa jarirai masu SS suke zama lafiya a watanninsu na farko. Amma idan ya yi yawa yana danne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta da kuma masu tsayar da zubar jini. Dole a ƙirga ƙwayoyin jinin yaro kafin a fara, a riƙa maimaitawa, a riƙa gyara adadin yayin da nauyinsa yake ƙaruwa. Yaran Kano ba a miƙa musu kwali aka sallame su ba, ana bin su ana auna su. Sannan dole a tabbatar da nau'in jinin da gwajin elektiroforez, domin ba duk yaron da ake cewa yana da emasi a unguwa ne SS ba. Idan likita ya rubuta takarda, kai kuma ka taimaka aka sayo daga farmasi amintacce, wannan taimako ne babba, domin yankewar magani tana cikin manyan matsalolinmu.

Maman Abba:
Ɗana yana shan sa shekara uku ke nan. Ranar da na fara karɓo shi, wani ɗan'uwan mijina ya karanta takardar da ke cikin kwalin ya ce maganin ciwon daji ne, za mu kashe yaro. Mako biyu kwalin yana kan kwaba ban taɓa shi ba, sai da na koma likita ya yi mini bayani cewa asalinsa haka ne, amma an daɗe ana ba masu amosanin jini shi. Ba a ganin aikinsa nan take, sai da aka yi wata uku zuwa huɗu. A da, kowane hunturu sai mun kwana asibiti, bana kuwa da rigar sanyinsa ya yi ta zuwa lakwal. Farcensa ya ɗan yi duhu, ban ga wata illa ba bayan wannan. Lokacin da nake da ciki an ce kada in buɗe ƙwayar da hannuna, babansa ne yake ba shi. Abin da ya fi mini wuya shi ne kuɗi. Kulawar kyauta da gwamnatin Nijar ta kawo tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara biyar ce, maganin rigakafin palu da ake rabawa da damina shi ma galibi a nan yake tsayawa, alhali Likita ya ce haɗarin yana nan daram har shekara tara da abin da ya wuce.

Ɗalibin Likitanci:
Wannan ya kawo ni ga ra'ayina, ko da malamaina za su ce na yi gaggawa. Tun da na'urar dofla ba kowane gari take ba, kuma cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini tana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, me zai hana a ba kowane yaro mai SS maganin ba tare da jiran awo ba? Binciken REACH da aka buga a 2019, wanda ya ƙunshi yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ya nuna maganin ya rage ciwon ƙashi da ƙarin jini da mutuwa, har palu ma ya ragu da kusan rabi.

Likitan Yara:
Ban ce ka yi gaggawa ba, domin a ƙasashe da dama ana gabatar wa iyaye maganin tun yaro yana wata tara, kuma ni ma ina goyon bayan haka ga duk iyalin da za su iya zuwa awon jini. Inda na saɓa da kai shi ne a ce maganin ya maye gurbin awon. Akwai yaran da suke shan sa amma saurin jininsu bai sauka ba, kuma waɗannan su ne ya kamata a ware wa ɗan jinin da muke da shi. Ba tare da awon ba, ba za ka san su waye ba. Saboda haka iyaye su riƙa tambaya da bakinsu a kowace ziyara: an yi wa yarona dofla bana, in ba a yi ba a ina za a tura mu? Su kuma faɗa wa likita idan yaron yana minshari mai ƙarfi da dare, domin ƙarancin iska a cikin barci yana ƙara haɗarin.

Wani Ɗan'uwa daga Magariya:
Duk wannan wahala da an yi gwajin jini kafin aure da ba a shiga cikinta ba. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS.

Mai Kula da Zaure:
Maganarka gaskiya ce, Malam, kuma za mu buɗe mata nata zaman. Amma a yau akwai uba a asibiti da ɗiyarsa, mu tsaya a kan yaran da aka riga aka haifa.

Baban Nana, Garin Malam:
Jama'a, na gode da addu'o'inku, sai yau na sami natsuwar karanta komai. Da muka isa an auna ƙarfin jininta an ce ya sauka zuwa 6, gwajin palu bai nuna komai ba. An ƙara mata jini a ranar, mun kwana uku, an sallame mu jiya tana tafiya da ƙafarta, hannun yana riƙe ludayi. Hajiyar Birni, na karanta wa mahaifiyata labarinki kalma bayan kalma, ta daɗe ba ta ce komai ba. Likitan da ya duba Nana ya ce za a ɗauke ta a matsayin wadda ta riga ta sami gargaɗi, ya ba mu ranar dawowa, ya kuma yi maganar ƙarin jini a kai a kai. Likita, tun da na ga abin da aka rubuta kan binciken Kano, ba za a iya ba ta ƙwayar kawai a bar maganar jinin ba?

Likitan Yara:
Alhamdu lillahi, barka da arziki. Akwai bambanci tsakanin yaron da awo ya nuna yana cikin haɗari amma bai taɓa nuna alama ba, da yaron da alamar ta riga ta bayyana a jikinsa. Binciken SPRING a kan kashi na farko aka yi shi, Nana kuwa tana kashi na biyu. Ga irinta, ƙarin jini a kai a kai, da nufin sauko da jinin S, wato mai lanƙwashewar, ƙasa da 30 cikin 100, shi ne kariya mafi ƙarfi da aka sani. An taɓa gwada maye gurbinsa da ƙwayar ga yaran da suka riga suka shanye a Amurka, aka buga sakamakon a 2012, bakwai suka sake shanyewa a cikin masu shan ƙwayar, babu ko ɗaya a cikin masu karɓar jini. Amma inda ƙarin jini na kowane wata ba zai ɗore ba, ƙwayar ta fi zama babu komai nesa ba kusa ba, kuma likitocin Kano sun bi wannan hanya ga yaran da suka riga suka shanye. Ka zauna da likitanta ka faɗa masa gaskiyar ƙarfinka da yawan masu ba da jinin da za ka iya dogara da su, ku tsara abin da zai ɗore shekaru. Kada kuma a ƙara mata jini a ko'ina ba tare da an auna ba, domin idan aka haura da shi sama da 10 yakan yi kauri, hakan ma haɗari ne. Kuma ban ji ka ambaci nau'in jinin ƙanenta ba.

Baban Nana, Garin Malam:
Ba mu taɓa gwada shi ba, Likita. Shekararsa biyu da wata uku, bai taɓa kumburin hannu ba, shi ya sa muka ɗauka ya tsira. Ranar Alhamis za mu koma da Nana, zan tafi da shi a yi masa gwajin. Mahaifiyata ta ce ita za ta goya shi, domin tana so ta ji bayanin likitan da kunnenta.